Ranar da na so a maimaita ɗaurin aurena

Ba zan rantse cewa komai haka ya faru daki-daki ba. An kwana biyu, kuma ina jin mutum yakan rage wa kansa laifi idan yana tuna abin kunyarsa.

Lokacin da na samu gurbin ƙaro karatu a ƙasar waje, aurenmu ya shekara huɗu, muna da 'ya ɗaya. Ni an ba ni biza. Matata da yarinyar kuwa, aka ce sai na kawo shaidar cewa auren na gaskiya ne, wato takardar aure da hotunan biki da ake ganin mu tare. In babu, sai dai in tafi in bar su a Daura.

An ɗaura aurenmu ne a wani ƙauye kan hanyar Kongolam, a ƙofar gidan baffanta, wanda ya riƙe ta bayan rasuwar mahaifinta. Shi ya bayar, yayana ya karɓa mini. Ba a rubuta komai ba. Ita tana cikin gida, ni ina can bayan taro wajen babura, kamar kowane ango. Hoto ɗaya muke da shi: dattawa sun ɗaga hannu ana fatiha, ga goro a gabansu.

Na yi mako guda ina kallon hoton nan, ina hango wani Bature yana tambaya, ina ango, ina amarya? Sai na ce a sake zaman, a ɗauki hoto da mu a ciki.

"Malam, kayan bikin nan fa ba sa shiga ta yanzu," in ji matata.

"Minti goma ne kawai."

Ta aika a kira mai lalle. Ni kuma na aika ƙauye cewa ranar Asabar za mu zo da goro a maimaita zaman ɗaurin aure. Ina jin haka na faɗa. Ban tsaya na yi tunanin yadda za a ji maganar ba. A wurinmu ba a sake ɗaura aure sai an yi saki.

Da muka isa, muka tarar mahaifiyarta ta kwana biyu tana kuka, maƙwabta suna shigowa jaje. Na tarar da baffa a zaure shi da liman. Na durƙusa, mai hoto na tsaye bayana.

"Saki nawa ka yi mata?" in ji baffa.

"Baba, ban sake ta ba. Hoto ne kawai, na takardu."

Na yi bayani, ina ta maimaita kaina. Ya saurara har na gama.

"Wato in zauna in ɗaga hannu, liman ya motsa baki, don a nuna wa wani ƙarya?" Ya dubi liman. "Malam, ka ji abin da boko ya koya wa yaron nan." Liman ya yi dariya, shi bai yi ba. "Ni na ba ka ita a gaban jama'a. In shaida suke so, ina da rai."

Ranar Litinin baffa ya hau bayan babur ya zo kotu a Daura, da ciwon gwiwarsa, shi da liman. Magatakarda, sa'an jikansa, ya tambaye shi ko ya tabbata auren nan na gaskiya ne. Ya ce ya tabbata, ya yi rantsuwa, ya dangwala yatsa. Ina tsaye ina kallon ƙasa. Da muka fito na ce a kai shi gida a mota, ya ce babur ɗin da ya kawo shi yana jira.

Na tura takardar rantsuwar da hoton dattawan, na rubuta bayanin yadda ake ɗaura aure a wurinmu. Ban yi zaton zai wadatar ba, amma bizar ta fito, muka tafi mu uku. Da na je wa baffa sallama kafin mu tafi, ya yi mana addu'a mai tsawo. Na shirya kalmomin ban haƙuri tun daga gida, na kasa faɗar ko ɗaya, har yau kuma ban faɗa ba.

Liman yana nan, yayana ma ya san abin da aka yi. Su da duk wanda yake zauren nan ranar, in na karkata wani abu, musamman ta inda ya sauƙaƙa mini, don Allah a aiko mini in gyara.