Gugan Kuturwa

Zamanin Turawa, a ƙauyenmu kusa da Ruma, rijiyar da mijina ya haƙa ce kaɗai ba ta ƙafewa da rani. Mu Kirista ne, amma kowa na ɗiba, ban da kutare: gugansu ba ya shiga rijiyar mutane.

Wata rana wata kuturwa ta zura nata. Mahaucin garin ya fizge igiyar, ya dinga tsula mata. Na shiga tsakani, igiyar ta tsaga min leɓe. Na rarumi dutse na fasa tulun da ya zo ɗiban ruwa da shi.

Da jini a bakina na ce, "Almasihu bai ware kowa ba. Mai ƙyama ya je rafi."

Kwana uku masu ƙyamar suna tonon yashi a rafi suna neman ruwa. A na huɗu mahaucin ya dawo, ya tsaya a bayan kuturwar yana jira ta gama ɗiba.