Rakiyar Kan Issaka Daga Yamai Zuwa Filinge

Yamai

Ana sallame sallar asuba muka bar asibiti. Ƙanena Issaka ne za mu mayar gida, bayan an fiɗe kansa an cire masa wani ƙari a ƙwaƙwalwa. Likita ya ja ni gefe ya yi min bayani da Faransanci. Ya ce sun ɗebe ƙashin kai mai faɗin tafin hannu ta gefen dama, ba za a mayar ba sai kumburi ya saɓe. A wurin, fata ce kawai tsakanin ƙwaƙwalwa da duniya. Kada ya bugu, kada kowa ya danna.

Motar wani maƙwabcinmu ce ɗan kasuwa, ya aiko ta da direbansa Mamman. Na bi hanyar Kumasi a saman buhunan goro, na ratsa Sudan cikin motar kaya, amma ban taɓa ƙirga ramukan hanya da zuciyata ba sai ranar.

Baleyara

Kafin gari akwai shingen jandarmomi. Ɗayansu ya leƙo, ya ga Issaka da babbar hula a kan bandeji, ya miƙo hannu zai ɗaga ta. Ban san sadda na cafke hannun mai bindiga ba. Na ba shi haƙuri da Zabarmanci, na gaya masa abin da ke ƙarƙashi. Ya ja baya, ya ce Allah ya ba shi lafiya.

Muka tsaya muka sayi fura. Issaka ya kurɓa kaɗan, ya ce ba ta kai ta Ramatu ba, wato matarsa.

"To, malam ya warke," in ji Mamman. "Mai cuta ba ya kushe hura."

"Kai dai dubi hanya," in ji Issaka. "Jaki ya fi ka gudu."

"Jaki bai ɗauko ƙwai ba."

Bonkuku

Nan Ramatu ta kira waya. Ta ce samarin unguwa sun yi gayya sun nome gonar Issaka, mata sun dafa abinci, ƙofar gida kuwa ta cika tun hantsi. Na yi murna, amma na tuna al'adarmu. A Abijan na ga masu dubiya suna tsayawa a bakin gado su gaisa. Mu Kurfayawa ba mu iya tausayi da baki kaɗai ba, sai mun ɗora hannu a ka mun yi addu'a.

"Gwaggo Hajo na nan?" na tambaye ta.

"Tun jiya ta iso, Yaya. Ta ce ba ta cin komi sai ta taɓa ɗanta."

Gwaggo Hajo ƙanwar mahaifinmu ce, ita ta reni Issaka. Idonta ya tafi, da hannu take gane mutum. Takan kama kanka ta matsa, ta shafa, ta jijjiga. Daga nan har gida ina neman maganar da zan hana ta, a duk harsunan da na iya ban samu ba.

Filinge

Mun iso rana ta take. Na riga kowa fita, na roƙi liman ya faɗa wa jama'a a yi addu'a daga nesa. Suka ji, suka buɗe hanya, aka zaunar da Issaka a tabarma cikin zaure.

Sai ga ƙwanƙwasar sanda.

"Ina yake? Ina ɗan banzan da ya tahi Yamai ya bari aka hwasa mai kai?"

Na sha gabanta na durƙusa. "Gwaggo, likita ya ce..."

"Likita ya goye shi? Kauce, kai da yawon duniya."

Yaya zan riƙe hannun ƙanwar ubana a gaban mutane? Ta wuce ni. Ta lalubo kafaɗarsa, ta hau wuya, ta hau kunne. Ramatu ta toshe baki.

Issaka ya kama yatsunta a hankali. "Inna, nan wurin babu ƙashi."

Ta tsaya. Ya cire hular da kansa, ya kai tafinta bisa bandejin, ya sauke shi kamar ana ajiye auduga.

"Yana motsi," ta ce. "Maɗiga ce. Ashe jinjiri sunka maido min."

Ta janye hannu, ta tofa addu'arta a tafin ƙafarsa. Sannan ta zauna ta damansa, ta gitta sanda a cinya.

"Ku zo ɗaya ɗaya. Wanda hannunshi ya wuce gwiwa, ni da shi."

Haka aka yi dubiyar har la'asar, kuma liman da kansa a gwiwa ya tsaya.

Akwai sauran komawa Yamai a mayar da ƙashin, ban kuma daina jin tsoro ba. Amma mun sauka lafiya. Godiya ga Allah, da mai mota, da Mamman, da samarin gayya, da duk wanda ya zo da hannunsa ya riƙe shi bai ɗora a kan Issaka ba.