Hausar Inna

Innata 'yar ƙabilar Gude ce, daga ƙauyen Duvu. Babanmu kuma ɗan kasuwa ne daga Borno, sai suka haɗu a kan Hausa, mu ma da ita muka tashi a Mubi. Hausar Inna kam sai ita. Har ta tsufa "kai" take ce mini, ni da nake mace da 'ya'ya uku. Mu yi ta dariya, ta ce, "Ai dai ka ji ni."

Likita ya daɗe da gaya mata tana da hawan jini. Ta sha ƙwaya wata guda, ciwon kai ya lafa, ta ajiye.

"Ciwo ya tafi, magani na mene kuma?"

Gishiri da magi kuwa ba a taɓa mata su. Wata safiya kofin kunu ya suɓuce daga hannunta, bakinta ya ɗan karkace, kafin a share kunun ya dawo daidai. Maƙwabta suka ce iska ce ta shafe ta, aka yi hayaƙi, aka ci gaba da hidima. Har yau in na tuna hayaƙin nan raina ɓaci yake. Da damina ta faɗi a bakin murhu, sai washegari muka kai ta asibiti. Likitan ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, ranar kofin nan ya kamata a kawo ta a guje.

Hannun dama ya tafi, ƙafa ta tafi. Waɗannan na iya da su, ina juya ta, ina yi mata wanka. Abin da ya karya ni shi ne da bakinta ya buɗe, Hausar ba ta dawo ba. Yaren Gude kawai ya rage mata, ni kuma ko gaisuwa ban iya da shi ba. Kullum sai ta riƙe zanina da hagu, ta maimaita magana ɗaya. In miƙa ruwa ta kau da kai, in gyara filo ta yi kuka.

Bayan girbi Yafendo, ƙanwarta, ta hau babur daga Duvu ta zo dubiya. Ta saurara, ta sunkuyar da kai.

"Yafendo, don Allah me take cewa?"

"Bari kawai."

Na matsa mata.

"Shi bai san ba Hausa yake yi ba," in ji ta, tana nufin Inna, don ita ma Hausarta irin ta yayarta ce. "Yana tambaya ne, me ya yi maka ka daina amsa masa?"

Da la'asar Yafendo ta koma, gyaɗarta na shanye a gona. Inna ta kama zanina ta sake tambaya.