Yoyon Tanka a Gaban Rumfar Hajiya Uwale

Ban taɓa mantawa da ranar da tankata ta yi yoyo a Challawa ba, kuma duk sanda na tuna, dariya ce ke riga tsoro zuwa.

Kafin in hau tanka tirela nake ja, ina ɗaukar hatsi daga Dawanau. Da kamfaninmu na Sharaɗa ya ɗauke ni, sai aka ce babu direban da zai taɓa motar asid, wato ruwan batir ɗin da masana'antun jimar fata ke aiki da shi, sai ya bi ta hannun Madam Rahila, jami'ar kiyaye haɗari. 'Yar Kafanchan ce, amma in ta yi Hausa sai ka rantse a Fagge aka haife ta. Ita ta koya mana yadda ruwa ke tangaɗi a cikin tanki har ya tura mota in an taka burki da ƙarfi, da yadda ake zagaya mota a duba kowane bawul, wato makullin bututu, kafin a tashi, da abin da ake yi in kaya ya zuba. Da ruwan famfo ta riƙa gwada mu a filin kamfani, mu sa rigar roba mu cire, mu sake sawa, har muka haddace.

Ranar da abin ya faru damina ce, dab da azahar. Ni ke tuƙi, Yohanna, abokin tuƙina ɗan Filato, na gefena. Mun shiga layin masana'antar da za mu sauke kaya ke nan, sai motar ta faɗa wani rami da ruwa ya rufe, na ji ƙarfe ya gogi ƙasa. Na duba madubi, na ga wani siririn layin ruwa yana bin mu a baya.

Na gangara gefe a hankali, na kashe mota. Yohanna ya jera alamun tsayawa ya kira Madam a waya, ni kuma na sa rigar roba da safar hannu da tabarau na leƙa ƙasa. Mahaɗar bututu ce ta tsage. Asid na tsiyaya, ya nufi kwata, kwatar kuwa kogi take gangarawa, inda mutane ke ban-ruwa. Gaba kaɗan ga rumfar mai abinci cike da ma'aikatan da suka fito hutu. Ga hadari ya taso daga gabas.

Yohanna ya kora mutane can inda iska ke tasowa. Ina tsugune ina ɗaura abin toshewa da ke cikin akwatin gaggawa, sai na ga mai rumfar, wata dattijuwa da ake kira Hajiya Uwale, ta rungumo baho cike da ruwa.

Ta ce, “Matsa in wanke maka, ɗan nan.”

Na ce, “Hajiya, don Allah ku tsaya daga nan. Wannan in ya ji ruwa tafasa yake yi, ya fantsamo wa mutum. Yashi muke nema.”

Ta ajiye bahon, ta dube ni, ta dubi hadarin. Sai ta shiga tsakiyar titi da ludayinta a hannu, ta tare wata tifa da ta ɗebo yashi daga kogi. Ban ji abin da ta faɗa wa direban ba, na dai ga ya juye lodin gaba ɗaya.

Nan ma'aikata suka yi layi, suna miƙo yashi a bahuna da tukwanen Hajiya, suna ajiyewa a iyakar da Yohanna ya shata. Ni da shi kaɗai ke matsawa kusa, don mu ke da rigar. Muka yi wa asid ɗin shinge, muka toshe bakin kwata. Hajiya na tsaye tana ba da oda kamar saja: “Kai mai jar hula, tuwo kake tuƙawa ne? Ɗaga ƙafa.”

Madam ta iso da tanka marar kaya da buhunan farar ƙasa mai kashe ƙarfin asid. Aka juye kayan, aka kwashe gurɓataccen yashin aka zuba a durom. Ana rufe na ƙarshe ruwa ya ɓarke.

Duk muka cusa cikin rumfa muna ta dariya. Madam ta riga ta duba kwatar da kanta, ko ɗigo bai shiga ba. Ta dube ni ta ce, “Malam Garba, yau kun wanke ni. Amma wannan Hajiyar, da za ta yarda, da gobe na ɗauke ta aiki.”

Hajiya ta ce, “Wa zai ciyar da 'ya'yan nan? Ku dai wanke hannu, yau walima ce.” Ta buɗe tukunyar shinkafa da wake, har direban tifa sai da ya ci ya ƙara.

Ku da kuke shirin hawa tanka, ku riƙe wannan. Ranar da abu ya faru, mutanen gari ba gudu za su yi ba, rugowa za su yi don su taimake ka, kowa da abin da ke hannunsa. Horon da kuke ƙorafi a kansa shi zai sa ku san abin da za ku ce a ajiye da abin da za ku ce a kawo.