Rigar Da Na Yanka Ina Sane

Assalamu alaikum. Lokacin da abin nan ya faru ina da shekara talatin da 'yan kai, matar likita, uwar yara biyu, muna zaune a Manchester ba nisa da Oxford Road, inda maigidana yake aiki. Na zo ƙasar nan da takardar digiri wadda har yau tana ƙasan akwati, da kuma hannun ɗinki da na gada wajen mahaifiyata a Kano. Mace ce ni mai sauri, mai son a yaba mata, kuma ba abin da na tsana kamar a ce in jira. Na faɗi halina tun farko domin shi ya kai ni ga yanka wata riga da wata tsohuwa take zaman jira a Kano.

A wajen wata walima a Birmingham na haɗu da wata dattijuwa 'yar garinmu, mazauniyar unguwar Sparkbrook, wadda nake kira Yaya. Sana'arta ɗinka tedi da hannu, wato 'yar tsanar nan mai laushi mai siffar beyar da yara suke runguma. Ita ta koya mini komai, daga yadda ake yanka kunne har yadda ake cusa auduga ba tare da ciki ya karkace ba. Duk Asabar ɗin da ake baje kolin masu sana'ar hannu, a zauren wata makaranta ko na unguwa, sai in hau jirgin ƙasa da jakunkunana mu kafa tebur tare. Akwai kuma wani ɗan kanti a Stratford Road da yake karɓar namu yana sawa a taga. Amma abin da ya fi kawo wa Yaya mutane shi ne tedin tunawa. Mutum zai kawo tufar mamacinsa, ta uwa ko ta miji ko ta ɗa, a yanka a ɗinka masa tedi da ita, ya ajiye a kan gado yana gani. Al'adar Turawa ce, amma na ga mutane iri-iri suna kuka a gaban teburinmu.

Yaya tana da wata ƙa'ida da take ƙona mini rai. Ba ta taɓa sa almakashi a tufar mamaci ranar da aka kawo ta. Sai ta zaunar da mai kayan, ta zuba masa shayi daga filas, ta tambaye shi wane ne mamacin, wa da wa ya bari, kuma duk sun san an fito da tufar nan ko kuwa. Idan Musulmi ne sai ta ƙara da tambayar ko an raba gado, domin tufa ma gado ce. Daga nan ta shimfiɗa tufar ta zana da alli inda za ta yanka, ta ce ya je ya yi mako guda, in bai canja ra'ayi ba ya kira ta. Da yawa ba sa dawowa, ita kuwa ko a jikinta. Ni kuma ina gefe ina cika ina batsewa, ina ganin mun sha ruwan sama da sanyi a banza. Nakan tsokane ta in ce ita alƙaliya ya kamata ta zama, ɗinki ɓata mata lokaci yake yi. Sai ta yi dariya ta ce in ci gaba da cusa audugata.

Da na ga hannuna ya faɗa, sai na buɗe shafi a intanet. Cikin 'yan watanni oda ta yi mini yawa, har daga garuruwan da ban taɓa jin sunansu ba. Babu ɗaukar kaya, babu tsayuwa tun safe har yamma kana yi wa masu wucewa murmushin dole. Mutum ya cike fom, ya faɗi kalar idon da yake so da ranar da yake buƙata, ya aiko tufar ta gidan waya, shi ke nan. Na roƙi Yaya ta shigo mu haɗa, ta ce ita ba za ta iya yanka tufar wanda ba ta ga fuskar magajinsa ba. Na ce mata zamani ya wuce ta. Kaina ya kumbura, na daina zuwa baje koli, waya ma sai ta kira ni sau biyu kafin in kira sau ɗaya. Abin da na sa a gaba shi ne taurarin yabo da kwastomomi suke ba ni a shafin, ina tsoron jinkirin kwana ɗaya ya rage mini guda.

Wata rana da hantsi aka kawo mini wani babban ƙunshi daga Lozells, wata unguwa a Birmingham. Wadda ta aiko wata budurwa ce, ta rubuto da Turanci cewa mahaifinta ya rasu, tana so ta yi wa mahaifiyarta kyautar bazata da tedi na tufarsa ta gargajiya. Ta faɗi watan da ya rasu, ta kuma faɗi ranar da take so kayan su iso. Ina buɗewa ƙamshin turare ya buge ni, irin wanda yake zama a jikin tufa shekara da shekaru. Babbar riga ce ta saƙi, tsohuwa, da aikin hannu aska takwas, irin aikin da yanzu sai an tona kafin a samu mai yin sa. Mahaifina yana da irinta, kuma na san yadda aka yi ta shawara a gidanmu bayan rasuwarsa kafin a san wanda za a ba. Na ƙirga daga watan rasuwar zuwa ranar da ta sa, sai na ga ya yi daidai da fitar takaba. Ke nan uwar tana cikin takaba aka fitar da rigar, kuma tun da bazata ce, ba ta sani ba. Duk wannan na gane shi a tsaye, kafin ma in gama warware rigar.

Na ɗauki waya na fara rubuta mata cewa ta tambayi mahaifiyarta tukuna. Na kai layi uku. Sai na dubi tarin ƙunshin da suke jira a kan kujera, na tuna in na tsaya jiran amsa ranar za ta kuɓuce, yarinyar ta ji haushi ta rubuta abin da ta ga dama a shafina. Na ce wa kaina ai ba yarinya ƙarama ba ce, kuma kayan ubanta ne, ni aiki aka ba ni. Na goge saƙon. Kafin lokacin ɗauko yara daga makaranta ya yi, na riga na sa almakashi a tsakiyar aikin askar, domin nan ne ya fi kyau. Ciki da ƙirjin tedin suka fito da zanen, kunnuwa daga gefen aljihu. Wallahi ya yi kyau, kuma na yi alfahari da shi, har na ɗauki hoto na sa a shafi mutane suna ta yabo. A fom ɗina akwai wurin da mutum zai nuna ko yana son a mayar masa da ragowar tufa. Yarinyar ba ta taɓa wurin ba, saboda haka na tattara sauran rigar, da wuyanta da hannuwanta, na jefa a akwatin tara tsofaffin kaya na sadaka da yake bakin babban kantin unguwarmu.

Bayan kwana goma sha wani abu Yaya ta kira ni. Ba gaisuwa mai tsawo, ta ce in zo Birmingham gobe, kuma in zo da duk abin da ya rage na wata rigar saƙi. Na ruga wajen akwatin nan, na tarar an kwashe shi tuni. Na kira lambar da take jiki, aka ce kaya sun tafi, ba a san inda suka nufa ba. Haka na hau jirgi hannu rabbana.

A ɗakinta Yaya ta ba ni labari, domin ta san uwar yarinyar, wata Hajiya da suke zuwa karatun mata tare. Mahaifin marigayin maɗinkin riguna ne a Kano, kuma rigar nan ita ce aikinsa na ƙarshe, ya yi wa ɗansa ita da hannunsa kafin ya rasu. Uwar marigayin tana nan da rai, ta haura tamanin, idonta ya kusa tafiya. An binne ɗanta a Ingila, ba ta ga gawarsa ba, ba za ta taɓa ganin kabarinsa ba. Ta ce ta yafe duk abin da zai zo mata na gado, rigar nan kaɗai take so a kawo mata. Hajiya ta yi mata alkawari da bakinta cewa tana fita takaba za ta kawo. Da Hausa aka yi ta maganar a waya, ita kuwa yarinyar haihuwar nan ce, Hausarta ba ta wuce gaisuwa da sunayen abinci ba. Ranar fitar takaba, falo cike da mata, yarinyar ta kawo kyautarta a naɗe tana murna. Hajiya ta buɗe, ta dubi cikin tedin, ta ajiye shi a hankali, ta tashi ta shiga ɗaki ta rufe. Yaya tana wurin, kuma kallo ɗaya ta yi wa ɗinkin ta san hannun da ya yi shi.

Muka tafi gidan tare, wani ɗan ƙaramin gida cikin jerin gidajen Lozells. Na durƙusa na yi wa Hajiya gaisuwa, ta amsa da kyau, har ta sa aka kawo mini ruwa. Da ma zagina ta yi da na fi samun sauƙi. Yarinyar tana zaune a kan matakalar bene, idanu sun kumbura. Hajiya ta dube ni ta kira ni ƙanwata, ta ce tambaya ɗaya za ta yi mini: ni da nake Bahaushiya, da na buɗe ƙunshin, ban gane irin rigar da take hannuna ba? A nan na yi abin da ya fi yankan muni. Na sunkuyar da kai na ce aiki ya yi mini yawa, ban duba da kyau ba, na ɗauka da yardar gida aka aiko. Yarinyar ta fashe da kuka, ta ce da Turanci kada a ga laifin Anti, ita ce ta ɗauko, ita ce ta aika, laifin nata ne ita kaɗai. Na ji ta sarai, na bar ta ta ɗauki laifin. Yaya ta dube ni ta kawar da kai.

Hajiya ta ce in farke shi. A kan dardumar falonta na zauna na farke ɗinkin da na yi alfahari da shi, zare bayan zare, na cire idanun, na zazzage audugar. Na goge ƙyallayen da dutsen guga na jera mata su, wani kamar tafin hannu, wani bai kai ba. Ta naɗe su a farin yadi. Da su ta tafi Kano.

Bayan ta dawo Yaya ta gaya mini yadda aka yi. Tsohuwar ta karɓi ƙunshin ta yi ta shafa ƙyallayen ɗaya bayan ɗaya, ta ce lallai hannun maigidanta ne. Sai ta tambaya ina wuyan rigar, domin a nan ƙamshin ɗanta zai fi zama. Hajiya ta ce mata danshin Ingila ne ya cinye sauran, don kada tsohuwar ta riƙe jikarta a zuciya. Ita kuma yarinyar, da hutu ya ƙare ta koma ɗakin kwanan jami'a duk da gidansu ba nisa. Na ji an ce suna gaisawa da mahaifiyarta cikin ladabi, kamar baƙi biyu a ɗakin jiran likita. Wannan yana ci mini rai fiye da yadda zan iya rubutawa.

Na daina karɓar tufar mamaci ta gidan waya. Na koma teburin Yaya, ta matsa mini kujera, amma tsokanar da muke yi a da ba ta dawo ba. Ban ce intanet mugun abu ba ne, har yanzu ina sayar da tedin yara a can. Abin da na koya shi ne, idan ba ka ganin fuskar mutum, sauƙi ne ka mai da amanarsa ƙunshi mai lamba, ka kuma lallashi kanka cewa ba ruwanka. 'Yan uwana masu sana'ar hannu, duk ranar da zuciya ta ce ku tsaya ku tambaya, ku tsaya, ko da kwastoma zai yi fushi ya tafi. Iyaye kuma, ku gaya wa yaranmu na nan abin da yake cikin akwatunanku da wanda aka yi wa alkawarinsa, da harshen da suke ji.

Shekara biyu ke nan ina neman bakin da zan koma Lozells in gyara amsar da na bayar, na kasa. Na san yarinyar ba za ta iya karanta wannan ba, amma mahaifiyarta tana karatun Hausa. Hajiya, idan ya kai gare ki, ki yafe mini ƙaryar da na yi miki a falonki. Na gane rigar tun kafin in gama warware ta, har na rubuta saƙon da zai hana, na goge da hannuna. 'Yarki ba ta san abin da ta ɗauko ba. Ni na sani.