Talotalon Ƙarshe na Doña Eufrosina

Duk ƙauyenmu na kwarin Oaxaca babu wanda bai san baƙaƙen talotalon Doña Eufrosina ba. Irin da ta gada daga kakarta ne, a kan bishiya suke kwana, kuma sai sun yi wata da watanni suna kiwo kafin su isa yanka. Kuɗin ɗaya zai sayo farare uku na kanti, masu ƙirji kamar matashin kai, waɗanda ko tafiyar kirki ba sa iyawa. Ni maƙwabciyarta ce, kuma na kanti nake saye, ba na jin kunyar faɗa.

Shekarar da mijinta Nicanor ya rasu, cuta ta shiga garken ta share shi tas, sai namiji ɗaya da mace ɗaya. Ga Bikin Matattu ya ƙarato, lokacin da kowane gida ke dafa mole, baƙar miyar barkono da koko, a ajiye wa mamatan da za su kawo ziyara.

Na same ta tana wasa wuƙa.

"Inna, ba dai namijin ba? In kika yanka shi iri ya ƙare fa! Ga na kanti da araha, wa zai gane a cikin miya?"

Ta dube ni sama da ƙasa. "Ke Teodora, mamaci haƙori gare shi? Ƙamshi kawai yake ci. Wannan farin naku da ya kwana cikin ƙanƙara, me zai shaƙa a jikinsa? Zuwansa na farko ke nan, sai in mayar da shi da yunwa?"

Raina ya ɓaci. Ta kuwa yanka.

Ranar da ta buɗe tukunya, har bakin hanya mutane suka riƙa tsayawa. Naman ya yi duhu, ga tauri kaɗan, romonsa ya ratsa miyar. Loma ɗaya na kai, na gane abin da take nufi. Ta cika kwanon Nicanor, ta ajiye a gaban hotonsa, ta zauna tana kallon tururi har ya ƙare.

Bayan biki macen ma ta ɓace, muka ce dila ya kama. Tsakar gidan ya yi tsit. Ban taɓa jin ta yi da-na-sani ba. In an yi mata jaje sai ta ce, "Ai ya ci ya ƙoshi."

Wata guda da ɗoriya, da sassafe, na ji tana ƙwala mini kira. Na fita da gudu. Ga macen ta fito daga cikin ƙaya, duk ta rame, 'yan tsaki na biye da ita reras. Ashe ƙwai ta je ta ɓoye, na namijin da muka cinye.

Doña Eufrosina ta juya wajen ɗakin da hoton yake.

"Kai tsoho," ta ce, "ashe ba hannu rabbana ka zo ba."