Buhun da Yaya Sale Yake Jira

A gidanmu na Sabo, unguwar Hausawa a ƙasar Yarabawa, ba a jin tatsuniya hannu sake. Kakarmu, wadda muke kira Iya, ba ta yarda da haka ba. Da an idar da magariba, tuwo na kan murhu, sai ta jawo kwandon goronta kusa da wuta, mu jikoki mu kewaye ta. Wannan na goge sabon ganye, wancan na yayyafa ruwa, ita kuwa tana ɗaga goro ɗaya-ɗaya a hasken wutar, tana neman wanda tsutsa ta shiga kafin ya ɓata sauran. "Kunne ke jin tatsuniya, Binta," haka take ce mini, "me hannu ya yi da zai huta?"

Iya ba ta fita, amma kasuwa ta san da zamanta. In sabon goro ya cika gari, Yarabawan ƙauye har roƙo suke a saya, sai ta aika a sayo mata minu, ƙananan nan da manyan 'yan kasuwa ke rainawa. Ta lulluɓe shi da ganye, ta yi ta jinyarsa wata da watanni har ya zama daushe. Ranar da goro ya yi wuya, masu suna da masu ɗaurin aure a zaurenmu suke sallama. Ta ce da cikin tafi guda ta fara, shekarar da kakanmu ya rasu.

Yayana Sale lokacin saurayi ne, ƙarfi kamar me. Yaron wani Alhaji ne mai fataucin goro zuwa Kano, shi ke ɗaurin huhu, shi ke lodi. Duk Juma'a Alhaji kan bar yaransa su ɗebi cikin hannu daga ragowar goro. Yaya sai ya zuba a aljihu, ya nufi unguwar Mokola wajen abokansa, kafin dare ya raba babu ko ɓari.

"Angona," Iya ta ce masa wata Juma'a da ya shigo cin tuwo, "kawo na yau in ajiye maka."

"Haba tsohuwa! Wannan ɗan abin? Ki bari Alhaji ya sallame ni da jari, huhu guda zan dire miki a nan."

Haka al'adar take. Yaro ya yi wa maigidansa bauta shekaru, wata rana maigida ya ɗauki jari ya ba shi ya ce je ka tsaya da ƙafarka. Duk samarin Sabo wannan ranar suke mafarki.

Iya ta gyara zama ta ce, "To ga ta nan tafe, mai kunne ya tara." Muka ce ta zo mu ji.

Wai wani mutum ne ya tsamo tururuwa daga kwatami. Ta ce za ta saka masa. Ya yi dariya ya ce in da gaske take, buhun gero yake so ya shuka gonar ubansa. Ta ce ta ji. Washegari ta kawo ƙwaya ɗaya ta ajiye a bakin ƙofarsa. Ya duba, ya jefa a baki. Gobe ma haka, jibi ma haka. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, gona na nan ciyawa ta cinye ta. Kullum in tururuwa ta zo sai ya ce, "Ina buhuna?" Ta ce, "Yana hanya." Har ya yi furfura. Ran nan ta zo tana jan ƙafa, baki wayam, ta ce ta zo sallama ne, ta cika alkawari. Ya daka mata tsawa, ina buhun? A nan Iya takan siranta murya: "Bawan Allah, ai na gama kawo maka shi. Kai ka cinye."

"Ƙurunƙus, kan ɓeran da ya shiga kwandon da ba nasa ba."

Muka bushe da dariya, har da Yaya. Ya suɗe hannu ya ce, "Wannan mutumin wawa ne, Iya." Wallahi har yau in na tuna dariyar nan sai raina ya ɓaci. Iya ta dube shi ta daɗe, sannan ta mayar da ido kan goronta.

Iya ta rasu ba ta ga huhun ba. Bayan ita da 'yan shekaru kasuwar goro ta ja baya a Sabo, motoci suka koma lodi tun daga ƙauyuka. Alhaji ya kwanta ciwo, Allah ya karɓi abinsa. Magada suka raba abin da ya rage. Ba wanda ya cuci Yaya, don ba wanda ya ci masa kwabo. Alkawarin baka ne, ya bi mai shi kabari. Babban ɗan Alhajin dai ya dafa kafaɗarsa a zaman makoki ya ce ba za a manta da shi ba.

Ni da aka kai ni ɗakina, da ɗan kuɗin gaisuwar da mata suka ba ni na sayi minu, na yi yadda na ga Iya na yi. Wata shekarar tsutsa ta ci rabi na yi kuka, wata shekarar na samu. Ban yi arziki ba, amma ban taɓa rasa na sabulu da na makarantar yara ba. Da can ina ganin tatsuniyar kan haƙuri ce. Sai da na girma na gane mutumin nan ai ya fi kowa haƙuri. Abin da bai iya ba shi ne ya kalli ƙaramin abu ya ga iri a cikinsa.

Yaya ya koma dakon albasa a kasuwar Shasha. Gab da ƙarshen mulkin soja na roƙi mai gidana izini na je na same shi can, zaune kan buhun wani, ya ɗaure ƙugu da tsumma saboda ciwon baya. Gemunsa ya fara fari. Tausayi ya kama ni har na kasa gaishe shi da kyau.

Na ce, "Yaya, mu haɗa hannu mana. Ko rabin kwando ne mu saya, ka kasa a bakin titi. Ni zan kawo nawa."

Ya yi murmushi, ya leƙa hagu da dama kada abokan aikinsa su ji. Ya rage murya.

"Kasa albasa kamar yaro? Bari dai, Binta. Ɗan Alhaji ya ce in gan shi bayan Sallah."

Wata mota ta tsaya, aka ƙwala kiran 'yan dako. Ya dafa gwiwa ya miƙe a hankali, ya tafi.